Kunnen Aro na Malama Zuwaira

Boɗinga,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Kawuna, Malam Attahiru, Shagari.

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna Altine da masu karatu a zaure. Ya zafi? Ni lafiya ƙalau, sai kunnuwan nan da suke yadda sanƙarau ya bar su bara. Tunda kiran waya ba shi da amfani a wurina, ku kuma ba ku karanta saƙon waya, sai mu ci gaba da wahalar da Haruna direba da kai mana takardu.

Kawu, ana son a raba ni da ajina. Shugaban makarantarmu ya kira ni ofis, ya rubuta mini a takarda da manyan baƙaƙe, sai ka ce idona ne ya mutu, wai kurma ba ta koyar da lissafi. Za a mayar da ni sito in riƙa tsaron alli da tsintsiya. Na karɓi biron hannunsa na rubuta a ƙasan nasa: ba ni zuwa. Ya ce to shi ke nan, masu duba makarantu na tafe kafin hutu, su za su yanke.

Bari in gaya muku yadda nake koyarwa, don na san za ku ce ta yaya. Muna da ɗakin kwamfuta da majigi, da kwamfutar cinya guda ɗaya wadda duk malamai ke rububi. Bilyaminu mai kula da ɗakin ya kulle ta, ba a iya sa mata komai, abin da ka ajiye kuma da an kashe ta ya goge. Ni ban tsaya roƙonsa ba. Na zuba komai nawa cikin filash, wato ɗan abin nan mai tsawon yatsa da za ku gani a ambulan ɗin nan. Darussana suna ciki, da manhajar da ke haska su a bango. Daga cikinsa take tashi, ba ta zama a kwamfutar kowa. In na gama sai in zare abina in jefa jaka. Yaran kuma suna rubuta amsa a ƙananan alluna su ɗaga mini, kamar dai naku na zaure.

Akwai wata 'yar manhaja kuma da nake ji da ita. Kwamfutar tana da kunne, ni ba ni da shi, sai na ara. Wani koren layi ne yake fitowa a gefen bango. In aji ya yi shiru ya kwanta, in an yi magana ya yi tsalle. Ranar farko ina rubutu na ga ya tashi, na juyo na ce, "Rahama, rufe mini baki!" Canka na yi kawai, don ita ce uwar surutun ajin, amma wallahi har yau yaran nan sun ɗauka aljanu gare ni.

Filash biyu na yi, iri ɗaya. Wannan na biyun ku ajiye mini, don ban yarda da kallon da ake yi wa jakata ba. Har darasin rabon gado da kuka koya mini yana ciki da ayoyinsa, da shi nake koya musu rabi da sulusi da sudusi.

A gaishe mini da Inna. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

'Yarku,
Zuwaira.

*

Shagari,
Ranar Talata.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga Attahiru zuwa ga ɗiyata.

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ki. Muna lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Altine na amsawa, ta ba Haruna albasa da kuka shi kawo miki.

Takardarki ta iso da abin da ke cikinta. Na juya shi na sake juyawa, ban ga ta inda karatu ya shiga ba. Amma tunda kin ce da ayoyi ciki, ban ga dacewar shi zauna tsirara cikin aljihu tare da goro ba. Na kira Ummaru baduku, munka naɗe shi cikin takarda mai tsabta, ya ɗinke shi da jar fata, ya sa mishi igiya. Shina rataye wurin littattafaina, ba mai taɓa shi sai da alwala. Amanarki na nan.

To ki saurari abin da zan ce, ko da ba shi yi miki daɗi ba. Ni na rene ki tun da ubanki ya rasu, na san taurin kanki tun kina rarrafe. Karatu baki ne da kunne. Duk zaman da na yi zaure, ban taɓa gane yaro ya ɓace ta kallon allonai ba, ga muryarshi nike ganewa. Wanga koren layi naki na iya ce miki an yi magana, amma ba shi ce miki mi anka ce.

Sito ba zagi ba ne. In kuma zuciyarki ba ta ɗauka, ki taho gida. Ga ɗakinki, ga fadama, ga matan unguwa masu son a koya musu rubutu. Abin da nike tsoro shi ne a tsayar da ke gaban baƙi a yi miki dariya, ke ba ki ma san ana yi ba. Wannan ba ni iya ɗaukarshi.

Allah shi yi miki albarka, shi zaɓa miki mafi alheri.

Kawunki,
Attahiru.

*

Boɗinga,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Kawu.

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina gaisuwa, ku yafe mini jinkirin amsa har fiye da mako. Ina kuma godiya ga Inna, albasar ta iso, kukar ma har na kaɗa.

Kai, Kawu! Filash ɗin nawa kuka mayar laya? Na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo, ta ce da ƙarfi nake yi, ni ban sani ba. Allah dai ya sa allurar Ummaru ba ta huda shi ba. Ban san wannan ce dariyata ta ƙarshe a makon ba.

Abin da nake gudu ya faru. Bairos ya shiga kwamfutar, cutar nan da ke cinye abin da ke cikin na'ura, har ta ƙi tashi kwana biyu. Malaman da ke jona mata wayoyinsu suna kwasar finafinai ba wanda ya gan su. Ni aka gani, tunda ni ce kullum da filash a hannu. Ban ce lallai nawa tsarkakakke ba ne, don ban bincika ba, amma su ma ba su bincika ba. Shugaba ya shigo ina tsakiyar darasi, ya miƙa hannu ya zare filash ɗina daga jikin kwamfutar a gaban yara. Bango ya yi fari fat. Ya jefa shi aljihu, ya je ya kulle a durowa, aka manna doka a ƙofa cewa an hana shiga da filash. Na bi shi har ofis. Na faɗa masa maganganu, kuma tunda ba ni jin muryata, an ce har masu tallan bakin ƙofar makaranta sun ji. Ban yi nadama ba.

Tun ranar da alli nake koyarwa, kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai wuya. Shekaranjiya na juya baya ina rubutu, na cika allo, na juyo na tarar rabin aji na kan benci suna ihu. Ashe akuya ce ta shigo tana cin littafin wata yarinya. Da layina na nan da tun kafin ta ci shafin farko na sani. Na kori akuyar, na ƙarasa darasina, sai da na koma gida na yi kukana.

Masu dubawa za su zo ranar Laraba mai zuwa. Yanzu kun gane dabarar: a ƙwace mini kayan aiki, sannan a kira baƙi su ga ba ni iya aiki. Don Allah Kawu ku ba Haruna layar nan ya kawo mini kafin ranar. Ba ɓoye ta zan yi ba. A gaban idonsu zan farke ta, in sun isa su ƙwace a gaban baƙin.

Maganar sito da ta dawowa gida na gani. Na gode, amma ba ni zuwa ko ɗaya. A huta lafiya.

'Yarku,
Zuwaira.

*

Shagari,
Ranar Asabar.

Da sunan Allah. Daga Attahiru zuwa ga ɗiyata.

Aminci ya tabbata gare ki. Muna lafiya. Na karanta takardarki, na karanta ma Altine, ta yi ta share hawaye.

Ba ni aikowa. Na faɗa miki kai tsaye don kada ki zauna jiran mota.

Dalilina biyu. Na farko, shugabanki ya kafa doka, ko da zalunci cikinta. Ba ni zama wanda ya miƙa miki abin karya ta, kuma ban sa anka ɗinke ayoyi cikin fata don a farke su wurin faɗa ba. Na biyu, ke da kanki kinka ba ni labarin akuya. Yau akuya ce, an yi dariya an watse. Gobe in ɗiyar wani ta faɗi bayan aji, ta kira ki, ta sake kira, ke kina fuskantar bango fa? Ɗiyan mutane amana ne. Ranar da wuta ta ɗauke ko na'ura ta ƙi tashi, wa za ya ji miki?

Daga hankalinki ban da shakka. Ke kinka fi duk wanda na koya ma rabon gado saurin ganewa, maza da mata. Amma abin da Allah ya karɓa ya karɓa, sai haƙuri. Ki rubuta musu kin yarda da sito kafin Laraba, ki fita da mutuncinki ba wanda ya gwada ki gaban jama'a. In ya so Juma'a ki biyo Haruna, mu yi shawara.

Na san za ki yi fushi. Ki yi, na fi son fushinki da wulaƙancinki.

Allah shi sanyaya zuciyarki.

Kawunki,
Attahiru.

*

Boɗinga,
Ranar Lahadi.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ku yafe mini gajartar gaisuwar.

Kun ce in wuta ta ɗauke wa zai ji mini. Sola muke da ita, wutar hasken rana. In ita ma ta ƙi, ina da yara masu ido da hannu, sun san su taɓa ni. Na kurumce ne, ban mutu ba. Kuma wannan dokar ba don bairos aka kafa ta ba, don ni aka kafa ta, kun sani sarai.

Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ga tawa. Leɓe nake kallo yanzu, Kawu, da shi nake rayuwa. Tun da na tashi daga ciwon nan ban ga bakinku ya kira sunana ba, ko sau ɗaya. In na zo Shagari sai ku buga sanda a tabarma, ko ku tura Inna ta taɓo ni. Ko a takarda "ɗiyata" kuke rubutawa. Kun riga shugaban makaranta kai ni sito, naku dai da tausayi kuka yi. Nasa bai yi mini ciwo kamar naku ba.

Ku riƙe layarku. Ranar Laraba zan shiga aji da alli da bakina, in za su cire ni su cire ni a tsaye. Takardar yarda kuwa ba zan rubuta ba, kada a jira ni Juma'a.

Allah ya bar girma.

Zuwaira.

*

Boɗinga,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Kawuna, Malam Attahiru.

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ya ƙara girma da lafiya. Ina fatan kun isa gida lafiya jiya, ya gajiyar hanya? Na fito daga ofis ina nemanku aka ce tuni kun shiga motar Haruna, ko ruwa ba ku sha ba. Haba Kawu!

Ku kun ji abin da ya faru, ni gani kawai na yi, don haka bari in ba ku nawa ɓangaren.

Da shugabar masu dubawa, Hajiya Nana Hauwa, ta ce a ɗakin da na saba koyarwa take son ganina, na ga shugabanmu yana murmushi. Ya san kwamfutar fanko ce, ba abin da zan haska. Na tsaya da allina a hannu. Sai na ga yara sun miƙe tsaye gaba ɗaya suna kallon ƙofa. Na juya, ga ku da rawani da sanda, jar laya na lilo a hannunku. Na ga shugaba ya rusuna yana gaishe ku, yana ta gyaɗa kai da kuka miƙo mini ita. Ina jin ya ɗauka taimakon addu'a kuka kawo wa mai shirin faɗuwa.

Rahama ce ta ba ni rezar fiƙe fensir. Ku gaya wa Ummaru ɗinkinsa ba na wasa ba ne, sai da na yanke yatsa kafin na farke. Da filash ɗin ya fito na ɗaga shi sama kowa ya gani, yadda na yi alkawari. Fuskar shugaba ta canza, bakinsa ya shiga motsi da sauri, kalmar "doka" kawai na iya kamawa. Sai na ga kun yi magana, gajeriya, kowa ya tsaya. Daga baya Hajiya ta rubuta mini abin da kuka ce: ku kuka kawo shi, in ya lalata na'ura ku za a kama. Ita kuma ta ce Bilyaminu ya bincika shi tukuna. Ya bincika a gaban kowa, ya ɗago ya nuna mini babban yatsa. Wannan kam ya yi adalci, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Na jona, manhajar ta tashi, ga darasin rabon gado a bango, ga koren layina a gefe. Na ba su mas'alar mamacin da ya bar mata da uwa da 'ya'ya, alluna suka yi ta tashi. Wata ta ba uwa rabi, na ce mata in ta yi haka a gidansu sai an kai ta gaban alƙali. Layin ya yi tsalle, na san dariya suke, kuma ba ni ake yi wa ba.

Can na juya baya ina warware lissafin a allo. Ajin ya yi tsit, layin na kwance. Ina cikin rubutu sai na gan shi da gefen ido ya tashi har sama, sau ɗaya, ya koma ya kwanta. Na san tsallen surutun yara, ƙanana ne barkatai. Wannan murya ɗaya ce mai kauri. Ban san lokacin da na juyo na ce "Na'am?" ba.

Duk yaran sun waiga suna kallon bencin baya, inda kuke zaune ku da Hajiya da shugaba. Bakin kowa a rufe. Hajiya ta sunkuya ta yi rubutu, shugaba na kallon ƙasa, ku kuma kun ja rawani kun rufe fuska. Sai na koma na ƙarasa lissafina.

Ga hukuncin: ajina nawa ne. An dawo mini da filash ɗina na durowa, an cire takardar ƙofa, sharaɗin kawai duk mai filash ya ba Bilyaminu ya bincika kafin ya jona. Shugaba bai amsa gaisuwata yau ba, wannan kuma shi ta shafa.

Maganar da na rubuta muku ranar Lahadi da zafi na rubuta ta. Ina neman gafarar zafin, amma ban janye maganar ba. Saura abu ɗaya da ya hana ni sukuni. Wa ya yi magana, kuma me aka ce? Na tambayi Hajiya ta yi murmushi kawai. Na tsare Rahama, yarinyar da ba ta iya riƙe magana ko ta minti ɗaya, ta rubuta a allonta: "Malama, ki tambayi Kawunki." To ga ni ina tambaya.

A gaishe da Inna da kyau. Allah ya saka da alheri, ya bar mana ku.

'Yarku,
Zuwaira.

*

Shagari,
Ranar Juma'a.

Da sunan Allah. Aminci ya tabbata gare ki. Mun iso lafiya. Ki ba Haruna fatar layar, Ummaru zai sa mata maɓalli don ki daina yanke yatsa.

Takardarki ta Lahadi ba ni da amsarta, shi ya sa na taho da kaina.

Ni ne na yi magana. Na ji shugabanku na raɗa ma Hajiya cewa bari shi kira ki ta bayanki a gani ko za ki juyo. Na ce a raina, in za a kira ɗiyata ta ƙi juyowa, to ni za ni kira, ba bare ba. Ban zaci za ki juyo ba.

Kinka juyo, kinka ce na'am. Bayan wannan ban iya tsayawa mutane su ga fuskata, sai na nemi mota.

Abin da na ce kalma ɗaya ce, kuma in kin zo za ki gan ta a bakina.

Zuwairatu.

Kawunki,
Attahiru.